Zan Iya Neman a Raba Aurena a Kotu Ba Tare da Lauya Ba?

"Assalamu alaikum Barista. Shekara shida da aurenmu, muna da yara biyu, mace da namiji. Kusan wata takwas ke nan ina gidan iyayena a Kano tun bayan dukan da ya yi mini na ƙarshe, kuma tun kafin in fito ba ya ajiye abinci sai ya ga dama. Iyaye sun zauna ba a daidaita ba. Ya ce ba zai sake ni ba sai na biya shi duk abin da ya kashe, har da lefe da kuɗin biki, kuma zai karɓe yaransa. Ba ni da kuɗin ɗaukar lauya. Zan iya zuwa kotu da kaina, ko sai da lauya alƙali zai saurare ni?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya kawo miki mafita ta alheri. Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko kotu za ta saurari macen da ta zo neman a raba aurenta ba tare da lauya ba, ko wajibi ne ki biya duk abin da maigidan ya lissafa, da kuma hannun da yaran za su zauna. Ta farkon mai sauƙi ce. Za ki iya, kuma mafi yawan matan da nake tararwa a kotunan shari'ar Musulunci da kansu suke tsayawa gaban alƙali, wata da mahaifinta a gefe, wata da yayanta, wata ita kaɗai da goyo a baya. Babu dokar da ta ce sai da lauya ake shigar da ƙarar aure. A iya abin da na gani a wannan aiki, rashin sanin abin da za a roƙi kotu ya fi rashin lauya cutar da mata, don haka a nan zan fi daɗewa.

Na ɗauka aurenku na Musulunci ne, wanda aka ɗaura da waliyyi da sadaki da shaidu. Idan haka ne, kotun shari'ar Musulunci ce ke da hurumin sauraronsa. A Kano akwai ƙananan kotunan shari'a a unguwanni da ƙananan hukumomi, sai manyan kotunan shari'a, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ikon duba shari'o'in aure da rabuwa da riƙon yara da gado. A Abuja da wasu jihohin kotunan yanki ne ke wannan aikin. Da mazhabar Malikiyya ake hukunci, da Hausa ake magana, kuma alƙali da kansa yake yi wa kowane ɓangare tambayoyi yana rubuta amsa, wanda shi ya sa mutum ke iya tsayawa da ƙafarsa. Za ki je wurin rajistara ki faɗi ƙararki, ki biya kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci, ki karɓi rasit a kan duk abin da kika biya. Kada ki saurari masu shawagi a harabar kotu suna cewa sun san alƙali. Hukumar Hisba kuwa tana yin sulhu, kuma sau da yawa sulhun yana amfani, amma ba kotu ba ce, ba za ta iya warware igiyar aure ba idan miji ya ƙi.

Abin da za ki roƙi kotu

Ga yadda abin yake faruwa sau da yawa. An kira ƙara, mace ta miƙe, alƙali ya ce, "Malama, me kike nema a wurin kotu?" Ita kuma saboda kunya da gajiya da idon mutane sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni dai na gaji, ba na son sa, a raba mu." Alƙali ya rubuta abin da ya ji. Da aka juya ga mijin sai ya ce shi yana son matarsa, bai kore ta ba, amma idan ta dage, to ga abin da ya kashe, ya zaro takarda daga aljihu mai ɗauke da sadaki da akwatunan lefe da kuɗin gaisuwar iyaye da na ɗinki, har da shinkafar da aka dafa ranar walima. Daga wannan lokacin shari'ar ta koma ciniki, ana ja ana ragi, alhali matar tana da tabon duka a jikinta wanda ba ta ambata ba. Ba alƙalin ne ya zalunce ta ba, domin a kan da'awar da aka kawo masa yake hukunci.

Dalilin haka shi ne hanyoyin da mace ke bi ta fita daga aure ta hannun alƙali sun bambanta, kuma kowace da sakamakonta. Akwai khul'i, wato mace ta fanshi kanta da dukiya saboda ba ta iya zama da mijin ko da bai yi mata laifi ba. Asalinsa yana cikin aya ta 229 ta Suratul Baƙara, da hadisin matar Sabit ɗan Ƙais wadda ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki. Akwai kuma raba aure saboda cutarwa, kamar duka da zagi mai muni da zagin iyaye da ƙaurace wa shimfiɗa ba dalili. A nan mace ba ta biyan ko kwabo, domin laifin daga mijin yake, kuma sakin da alƙali ya yanke ba mai kome ba ne, mijin ba zai iya mayar da ita a cikin idda ba sai da sabon ɗaurin aure da yardarta. Sai raba aure saboda rashin ciyarwa, inda alƙali ke umartar mijin ya ciyar, ya ba shi wa'adi gwargwadon yadda ya ga ya dace, idan wa'adin ya cika bai yi ba a yanke saki. Wannan sakin yana da rauni guda da ya kamata ki sani: mai kome ne, idan mijin ya nuna ya sami abin ciyarwa kafin idda ta cika yana iya mayar da ke. Akwai wasu dalilan da ba su shafe ki ba, irin su ɓacewar miji, wanda ake jiran shekara huɗu a kansa, da rashin iya kusantar iyali, wanda ake ba shi shekara guda.

Bisa abin da kika rubuto, shawarata ita ce ki gina ƙararki a kan cutarwa, ki haɗa da rashin ciyarwa a matsayin ƙarin hujja, ki ajiye khul'i a matsayin mafita ta ƙarshe idan hujja ta gaza. Ki faɗa a fili tun ranar farko cewa kina roƙon kotu ta raba auren saboda yana dukanki kuma ba ya ciyar da ke, sannan ki kawo abin da ya faru filla-filla: wane wata ne, a ina, da me ya doke ki, wa ya shigo ya raba, wane asibiti aka kai ki. Da'awar da ba ta da lokaci da wuri da bayyanannen abin da ake nema ba ta da ƙarfi a shari'a. Yana da kyau ki zauna da wani na gida kafin ranar ku rubuta waɗannan abubuwa a jere, domin gaban alƙali mutum yakan manta abin da ya fi sani. Kada kuma ki ƙara gishiri. Abu ɗaya da aka kama ki kin ƙara zai sa a yi shakkar sauran da suke gaskiya.

Ko da an kai ga khul'i, lissafin da yake yi miki barazana da shi ba shi ne hukunci ba. Malaman Malikiyya sun halatta fansa da sadaki, ko ƙasa da shi, ko sama da shi, idan an yi yarjejeniya. Idan ba a daidaita ba, abin da na saba gani shi ne alƙali ya fara daga sadakin da aka ambata a wurin ɗaurin aure, ya duba tsawon zaman da aka yi da 'ya'yan da aka haifa da ƙarfin matar, kuma da wuya a karɓi kuɗin abincin biki ko ciyarwar da ta riga ta zama wajibinsa. Lefe shi ne inda aka fi ja-in-ja, kuma bayan shekara shida atamfofin sun daɗe da tsufa, ki faɗi hakan. Akwai wata ƙa'ida da mata da yawa ba su sani ba: wadda ta fanshi kanta saboda cutarwa ce ta tilasta mata, daga baya ta tabbatar da cutarwar, tana da damar karɓo abin da ta biya, sakin kuma yana nan daram. Idan kuma saɓani ya yi tsanani an kasa gane mai laifi, alƙali yana naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginki ɗaya daga nasa, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara, kuma a Malikiyya suna da ikon raba auren, da fansa ko ba fansa, ko da mijin bai so ba. Cewar da yake yi ba zai sake ki ba har abada magana ce ta fatar baki.

Shaidu

Ƙa'idar ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Idan ya amsa a gaban alƙali cewa ya doke ki, ko da ya biyo da uzuri, aikinki ya yi sauƙi, domin iƙirari ya fi kowace shaida. Idan ya musa, za a nemi ki kawo shaidu, kuma a maganar aure da saki maza biyu adilai ake nema. Nan ne mai tsayawa da kanta take yawan tuntuɓe, domin takan zo da mahaifinta da mahaifiyarta, su ne suka fi kowa sanin halin da take ciki, sai mijin ya soke su, alƙali kuma ya karɓi sukar, saboda ba a karɓar shaidar iyaye ga 'ya'yansu. Ki nemi maƙwabtan da suka shigo suka raba, ko mai unguwa ko limamin da aka taɓa kai wa ƙara, ko wanda ya ɗauke ki zuwa asibiti.

Na san duka a cikin ɗaki ake yin sa, ba a gayyatar 'yan kallo. Malamai ma sun san haka, shi ya sa Malikiyya ta karɓi shaidar yaɗuwar labari a kan cutarwar ma'aurata, wato mutanen kirki su shaida cewa sun daɗe suna ji daga bakin jama'ar unguwa, maza da mata, cewa wane yana cutar da matarsa. Katin asibiti da hoton rauni da saƙonnin waya da takardar zaman da aka yi a Hisba duk suna ƙarfafa magana, sai dai kada ki dogara da su kaɗai, ki kawo su tare da mutanen da za su yi bayani. Ki je ki sami shaidunki tun kafin ki shigar da ƙara ki ji ko za su zo, domin maƙwabcin da ya yi ta tausaya miki a zaure yana iya noƙewa idan ya ji an ambaci kotu. Idan shi ya kawo nasa shaidun, kina da damar yi musu tambayoyi da faɗin dalilin da ya sa ba ki yarda da su ba, kamar a ce yaron shagonsa ne ko akwai gaba tsakaninku.

Ki shirya wa abin da zai fi jifan ki da shi, wato cewa ke kika yi yaji ba da izininsa ba, don haka ba ki da haƙƙin ciyarwa, har ma ya roƙi kotu ta mayar masa da matarsa. Amsarki ita ce dalilin fitarki, da ko ya taɓa zuwa biko ko ya aiko, da abin da aka ce a zaman da iyaye suka yi. Alƙali zai nemi sulhu, sau da yawa zai ɗage zama ya ce a koma gida a sasanta, kuma wannan aikinsa ne, kada ki ɗauka ya goyi bayan mijin. Idan kina tsoron komawa saboda lafiyarki ki faɗa a rubuta. Idan mijin ya ƙi zuwa bayan an kai masa sammaci, kotu za ta sake aikawa, tana iya bi ta hannun mai unguwa ko a liƙa a ƙofar gidansa, daga ƙarshe kuma tana iya sauraron shaidunki ta rantsar da ke ta yi hukunci a bayan idonsa. Ke dai kada ki yi fashin zama ko sau ɗaya ba tare da aiko da uzuri ba, domin ana korar ƙarar da mai ita bai zo ba. Kafin hukunci alƙali zai tambayi kowannenku ko yana da sauran magana ko wata hujja. Wannan tambayar ginshiƙi ce a shari'a, har ana rushe hukunci a sama saboda rashin yin ta, don haka idan akwai abin da ya rage kada ki ce babu.

Yara, ciyarwa da kayan ɗaki

Barazanar karɓe yara ita ce ta fi hana mata barci, alhali a nan ne shari'a ta fi tsaya musu. A Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare, matuƙar uwar tana da hankali da amana da wurin zama mai aminci. Idan kika yi wani auren da wanda ba muharramin yaran ba, riƙon yakan koma hannun mahaifiyarki, sannan sauran mata na ɓangarenki irin su 'yar'uwarki, kafin a zo kan uba. Al'adar da ake cewa da an yaye yaro sai a kai shi gidan ubansa al'ada ce kawai. Ci da sha da sutura da magani da karatun yaran duk suna kan uban ko a hannun wa suke, gwargwadon samunsa, shi kuma yana da haƙƙin ganinsu da kula da tarbiyyarsu, kada ki hana shi.

A nan akwai tarkon da nake so ki kiyaye. Idan ana cinikin khul'i, wani mijin yakan ce ya yafe kuɗin gaba ɗaya in dai za a bar masa yaran, ko in dai matar za ta ɗauki nauyin ciyar da su. Wadda ta ƙosa ta rabu takan amsa nan take tana ganin ta sami sauƙi, kuma irin wannan sharaɗin yana iya zama abin da za a riƙe ta da shi daga baya. Kada ki amsa wani sharaɗi da ya shafi yara a tsaye a cikin kotu. Ki roƙi a ɗaga miki zama ki yi shawara da manyanki, kuma duk takardar sulhun da za ki sa wa hannu ki sa a karanta miki ita da Hausa tun daga farko har ƙarshe.

Kada ki ɗauka raba auren zai zo da kuɗin ciyar da yara kai tsaye. Sai kin roƙa, kuma wasu kotunan za su ce ki shigar da ita a matsayin ƙara ta daban bayan an gama ta auren. Ki roƙi a yanka adadi sananne a kowane wata, a faɗi ranar biya da hanyar biya, a ambaci kuɗin makaranta da na asibiti, domin hukuncin da ya ce kawai "ya riƙa kula da 'ya'yansa" ba a iya tilasta shi. Ki hanzarta, saboda ciyarwar yara ta watannin da suka wuce tana da wuyar karɓowa idan ba alƙali ne ya riga ya yanka ta ba. Game da ke kanki, wadda aka yi wa sakin da ba kome tana da haƙƙin wurin zama a lokacin idda, ciyarwa kuwa sai idan tana da ciki. Idda tsarki uku ce ga mai ganin al'ada, wata uku ga wadda ba ta gani, mai ciki kuma sai ta haihu. Kayan ɗakin da iyayenki suka yi miki naki ne, gado da katifa da kujeru da kwanuka, kuma idan aka yi jayayya a kan wani abu ba shaida, abin da aka san na mata ne ana ba mace bayan ta rantse, na maza kuma a ba namiji. Idan ya hana a kwashe, kotu tana tura ma'aikacinta a kwashe a gabansa. Bayan hukunci ki karɓi takardar kotu mai hatimi da ke nuna ranar rabuwa da irin sakin, ki yi mata kwafi ki adana, domin ranar da wani auren ya zo za a tambaye ta.

Inda nake ganin a nemi lauya

Duk wannan bayani na gina shi ne a kan abin da kika faɗa ke kaɗai, alƙali kuwa sai ya ji ta bakin mijin, kuma yadda ake tafiyar da zama yana ɗan bambanta daga jiha zuwa jiha. Akwai kuma inda ba zan ba ki shawarar tsayawa ke kaɗai ba. Idan shi ya zo da lauya yana ta kawo suka a kan hurumin kotu, ko akwai gida ko fili ko jarin da kuka haɗa, ko ya ɗauke yaran ya kai su wata jiha, ko ya juya ya kai ki ƙarar laifi wurin 'yan sanda, to ki nemi taimako. Haka nan idan hukunci bai yi miki daɗi ba kina son ɗaukaka ƙara, domin a can da rubutaccen kwafin shari'a da dalilan doka ake aiki, kuma wa'adin gajere ne, galibi kwana 30 daga ranar hukunci. Wadda kuma aka yi wa auren rajista a ƙarƙashin dokar aure ta gwamnati, lamarinta daban ne gaba ɗaya: Babbar Kotun Jiha ko ta Abuja ce kaɗai ke raba shi bisa dokar shari'o'in aure ta 1970, da Turanci ake rubuta takardun, ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara biyu sai da izinin kotu, kuma hukuncin farko ba ya zama na ƙarshe sai bayan wata uku. Wannan ba aikin da zan ce mutum ya tunkara shi kaɗai ba ne.

Rashin kuɗi bai rufe miki ƙofa ba. Hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a jihohi, ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA suna karɓar irin wannan ƙorafi, haka ma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, kuma a tsangayar shari'a ta Jami'ar Bayero akwai ɗakin ba da shawara kyauta. Ko ba su tsaya miki a kotu ba, zama ɗaya da wanda zai duba da'awarki da shaidunki kafin ki je wurin rajistara yana da amfani ƙwarai. Idan kuma tsayawa gaban jama'a ne ke yi miki nauyi, shari'a ta ba ki damar naɗa wakili, mahaifinki ko yayanki ko kawunki, ki bayyana a gaban alƙali cewa kin wakilta shi, a rubuta iyakar abin da kika ba shi iko a kai, musamman ko yana da ikon amsa sulhu da fansa a madadinki ko sai ya dawo ya tambaye ki.